Wasan da Malam Ishaya Ya Tafi da Ƙarshensa

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar abokina Malam Ishaya, malamin firamare ɗan Kaltungo wanda ya jagoranci ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo a unguwar Pantami a Gombe. Shi ke zaɓen wasa, shi ke ba kowa matsayinsa, kuma in ya ce a sake, sai an sake. Taurin kai gare shi, ban taɓa ɓoye masa ba.

Ɗabi'arsa da ta fi ba mu haushi ita ce ba ya rubuta wasa, ba ya kuma faɗin ƙarshensa sai ana gobe za a nuna. Wai in ɗan wasa ya san inda za a kwana, fuskarsa za ta tona asiri tun farko. Wasanmu na ƙarshe a kan gonar da shanu suka cinye ne. Ni Bafulatani mai sayar da atamfa ya mai da ni manomi, Yohanna kuwa, akawun da bai taɓa kiwon ko akuya ba, ya zama makiyayi. Muka yi ta gwaji har inda na tare Yohanna a bakin rafi, fartanya a hannuna.

Na ce, "Malam, sare shi zan yi ko yaya?"

"Kai dai Buba, ɗaga ta. Sauran ka bar mini."

Sai kuɗin man fetur ya zo. Aka buɗe sababbin ofisoshi a Bauchi, 'yan wasanmu suka bi aiki ɗaya bayan ɗaya, har da Yohanna. Malam ya ƙi sa wani a gurbinsa, wai zai dawo. Kujera yake ajiye mini in yi mata faɗa, har ciwo ya kwantar da shi.

Yau yaran unguwar Jekadafari da waya suke ɗaukar wasanninsu, kowa shugaban kansa. Da Malam ya gansu, da ya sa sun sake, amma na san da ya so su. Abin da ke cina a rai shi ne, abin da muke kwaikwaya ya zama labarin da muke ji a rediyo, kuma mutumin da ya san yadda mutanen nan biyu za su rabu a bakin rafi ba ya nan.

Yohanna ya dawo Gombe bayan ya yi ritaya. Mun haɗu wajen wani biki a Manawashi, duk mun yi furfura. Ko gaisuwa bai gama ba ya riƙe hannuna.

"Buba, Malam ya gaya maka ƙarshen?"

Na girgiza kai. Ya daɗe yana kallona.

"Ni kuwa duk shekarun nan na ɗauka kai ka sani."