Ɗankwalin Tebur

Duk shekarun da na yi ina koyar da Faransanci a Garwa, ba abin da ya ci raina kamar "le" da "la", wato alamar namiji da ta mace. Ɗan Fulani zai zo da yaren da babu ruwansa da namiji da mace. Bahaushe kuma ya zo da nasa a cike, ya rantse rana mace ce, wata namiji ne, alhali Faransawa sun juya su kamar waina.

Ni dai ra'ayina ɗaya ne: yaro ba ya manta abin da ya ba shi dariya. Sai na shiga yi wa kayan aji sutura. Tebur mace ce a Faransanci, na ɗaura mata ɗankwali. Ƙofa da taga ma haka. Allo namiji, na kafa masa hula. Yara kuma, 'yan neman magana, suka ƙaro dokarsu: ba a haɗa "le" da "la" wuri ɗaya sai da shaidu.

Direktan makarantarmu ya tsani abin. "Madam, wannan aji ne ko gidan biki?" Ya ce sufeton makarantu na nan tafe, in ya rubuta ban san aikina ba, Tcholliré za a tura ni, wani gari can nesa. Inna, mahaifiyata, ƙafafunta sun daina ɗaukarta, likitanta kuma a Garwa yake. Da na gaya mata sai ta ce, "Ke rabu da su. A ɗaure ni a saman mota da tukwane, mu tafi."

Tsoro na ji, amma taurin kai ya fi yawa. Na ce wallahi ba zan tuɓe tebur a gaban baƙo ba.

Sufeto ya shigo yana zuba gumi, ƙato, da gashin baki kamar tsintsiya. Ya cire hularsa ya aje a kan tebur, daidai kan ɗankwalin. Aji ya ɗauki salati. Wata yarinya ta miƙe ta ce: "Musye, le chapeau a kan la table! Ba a ɗaura musu aure ba!" Ta ɗauke hular da yatsu, ta rataya wa allo, wai maza su zauna da maza.

Na ce a raina, shi ke nan, na kaɗe.

Bai yi dariya ba. Ya nuna kujera. "La!" Ya nuna littafi. "Le!" Takalminsa, agogonsa, aljihunsa, ba su kuskure ko ɗaya ba. Can ya shafa gashin bakinsa, ina jin tunani kawai yake. Aji gaba ɗaya: "La!"

Wani yaro, ɗan manoman kan dutse, ya ce, "Yi haƙuri Musye, ba mu muka ce mace ce ba. Faransawa ne."

Mutumin nan ya juya wajen taga, kafaɗunsa na girgiza. Da zai fita ya rage murya, ya ce mini da Hausa, "Madam, zauna inda kike. Amma don Allah kada zancen nan ya kai kunnen matata."

Na koma gida da gudu na ce, "Inna, ba inda za mu!" Ina jira ta yi mini tsiya yadda ta saba. Sai ta kama hannuna ta fashe da kuka, ta ce, "Ƙarfin hali kawai nake miki, 'yar nan. Da an sa ni a motar nan, ba zan kai ba."