Kanwar Kawu a Bakin Teku

Kawuna bai taɓa wuce Kano ba sai shekarar da aka ce masa kanwa tana tsada a garuruwan bakin teku. Zamanin Turawa ne, bayan yaƙi. Ya sayar da shanunsa biyu, ya sari buhu goma sha biyu a kasuwar Babura, ya zo Roni ya roƙi mahaifiyata ta ba shi ni. Ina da mata da gona, amma rani ne, kuma ba a ce wa kawu a'a.

Jirgin ƙasa ya sauke mu Ikko. Daga nan muka hau wata tsohuwar motar katako mai bin gaɓa, muka yi yamma. Garuruwan duk iri ɗaya: bukkoki, itatuwan kwakwa, warin kifi. Duk inda aka taya kanwar, Kawu sai ya ce a gaba ta fi daraja.

Rana ta uku da hantsi motar ta mutu a wani ƙauyen masunta. Ƙauyen siririn yashi ne kawai, teku a hagu, wani makeken tafki a dama. Direban Bayarabe ne, ya taɓa zama Kano, yana jin Hausa. Ya ce kowa ya sauke kayansa, shi zai koma baya neman ƙarfen da ya karye.

"Baba, ka tsare dutsenka," in ji shi. "Kada kifi ya lashe."

Kawu ya ce, "Tsare akwalar motarka dai. Jakina ya fi ta."

Bakin hanya duk ƙaya ne da ƙashin kifi. Kawu ya hango wani fili can ƙasa, yashi mai tauri, sumul kamar an share. A wajenmu matafiyi a irin wannan yashin yake sauka, cikin busasshen rafi, don ba kunama ba ƙaya. Tsakaninsa da ruwan akwai tafiya. Nan muka jera buhunan.

Wata tsohuwa mai ƙyafe kifi ta taso tana ihu da yarensu, tana nuna teku, tana nuna gwiwarta.

"Kawu, ko mu matsa sama?"

"Kuɗin ƙasa take so. Ɗaga kanka, ɗana. Ka ga hadari?"

"Babu."

"To ruwa ta ina zai zo? Shekara sittin ban taɓa ganin rafi ya kawo ba tare da an yi ruwan sama ba."

Ni ma ban taɓa gani ba. Muka yi azahar a inuwar kwakwa, muka kishingiɗa.

Tsohuwar ce ta tashe ni, da dukan tire a ƙafa. Rana tana nan fatau, sama garau, amma filin babu shi. Ruwa ya kai rabin buhunan, yana ja yana dawowa. Na shiga da gudu. Buhun farko da na ɗaga ya yi mini sauƙi a hannu, farin ruwa yana tsiyaya daga gindinsa. Masunta suka kama mini, suna dariya, suna ja. Uku na sama kaɗai suka tsira. Kafin magariba tekun ya koma inda ya fito, ya bar yashin sumul.

Kwana tara muka yi a wurin. Gaba babu mota, baya babu mota. Ba gero, ba nono, sai kifi da garin rogo. Ruwan rijiyarsu ma gishiri-gishiri. Taku ɗari in ka yi kudu ruwa, in ka yi arewa ruwa. A Roni in raina ya ɓaci dutse nake hawa. Nan babu ko tudun tururuwa. Kullum Kawu yana zaune yana kallon ruwan ya hau ya sauka, kamar mai jiran a ba shi haƙuri.

Da direban ya dawo ya ga buhu uku, bai yi tsiya ba. Shi ya yi mana tafinta, matan ƙauyen suka saye su don miya. Abin da aka samu kuɗin hanyar mutum ɗaya ne kawai zuwa gida.

"Kai za ka tafi," in ji Kawu. "Damina ta kusa. Ni da wane ido zan shiga Babura?"

"Ni kuma da wane baki zan gaya wa Inna na baro ƙanenta a bakin ruwa?"

Kawu ya karɓi kuɗin. Sannan ya ce zai sa a shuka mini gonata, ya hau mota bai waiwayo ba.

Washegari, don neman kuɗin mota, na je inda masunta suke jan taru, na tsaya a ƙarshen layi. Wani ya dube ni, ya matsa, ya miƙo mini igiya. Sai bayan girbi na ga gida.