Dangwalen da ya kai ni Jos

An dawo mana da takardunmu na neman tallafi, kuma ba wanda ya ga ya dace ya yi mana cikakken bayani. Saƙo ne layi biyu a waya: takardu ba su dace da juna ba, a gyara kafin Juma'a ko a cire mu. Mu goma sha ɗaya ne a ƙungiyarmu ta mata a Ƙofar Dumi cikin garin Bauchi, ni ce shugaba, muna yin gawayi da buntun shinkafa. Da hannu muke dunƙulawa har farcenmu ya cinye, shi ya sa muka nemi injin matsewa a tallafin masu sababbin dabaru. Kwana biyu ina kiran ofishinsu na Jos, waya tana shiga ba a ɗauka. Sai na ce ƙafata za ta je.

Ranar Laraba muna idar da sallar asuba muka nufi tasha, ni da ma'ajiyar ƙungiya. Direba ya ce saura mutum ɗaya. Mutum ɗayan nan sai da rana ta fito ya iso, da buhun albasa, wanda ya zauna a kan ƙafata har Jos bai biya kuɗin kujera ba.

A Miri na hango buntu tsibi-tsibi bayan wani injin casa, an cinna masa wuta yana ta hayaƙi. Ma'ajiya ta zungure ni, na ce na gani. Abin da muke roƙon inji a kansa ke nan ake ƙonawa don a huta da shi. Muka wuce dutsen Zaranda. A Nabordo mata suka kewaye mota da ƙoren nono, na sayi fura dunƙule biyu, ƙanana kamar ƙwan zabo, a kuɗin da bara ake ba da huɗu. Daga Magama hanya ta fara hawa, iska ta sauya, masu buɗe gilashi suka rufe. Kafin Tilde na yafa mayafi na biyu.

Ofishin a saman bene yake, kuma ba mu kaɗai aka kora ba. Kusa da ni a benci wata Inyamura ce mai busar da kifi, ashe a Bauchi shagonta yake. Ta dube ni ta ce, "Mama, kai ma sun dawo da kai?" Ita lambar asusunta ta rubuta maimakon ta ƙungiya. Wani dattijo mai na'urar ƙyanƙyasar ƙwai kuma, mai shagon kwamfuta ne ya cike masa fom ya sa tasa lambar wayar maimakon ta dattijon, saƙon gyara ya yi sati uku a aljihun wani.

Da layi ya zo kaina, sai na tarar mai duba takardun yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta shimfiɗa takardu biyu a tebur. Ɗaya ta rajistar ƙungiya da banki, wadda muka yi shekara shida da suka wuce, da dangwalen babban yatsana. Ɗaya fom ɗin bana, da sa hannuna, wanda na ja masa jela don ya yi kyau.

Ta ce, "Mama, wace ce shugabar? Mai yatsa ko mai biro?"

Na ce, "Duk ni ce."

Ta ce, "A wurinki. A wurin takarda mata biyu ne."

Na gaya mata na haura arba'in na shiga makarantar yaƙi da jahilci, shekara uku ina zama a bencin yara gwiwata na dukan tebur, don kada in sake miƙa wa kowa yatsa ya shafa min tawada. Na tambaye ta ko laifin da na yi shi ne koyon rubutu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce sun sha ganin an sa hannu da sunan matan da ba su iya rubutu ba, a karɓi tallafi su ba su sani ba, shi ya sa suke gwada takarda da takarda. Gaskiyarta, don na san wadda aka yi wa haka a layinmu. Ta rubuta min abin yi: in sabunta sa hannu a banki, in karɓo takardar rantsuwa a kotu, a turo hotonsu ta waya kafin azahar ɗin Juma'a. Ba sai na dawo ba.

Mun ci gwate, faten mutanen Jos, a wata rumfa, da zafinsa, ya ɗan sauke min zuciya. Na sayi dankalin turawa da kabeji don kada a ce na je Jos na dawo hannu biyu. A hanyar komawa ma'ajiya ta yi barci, zafin Bauchi ya tarye mu tun daga Nabordo, ana kiran magariba muka shiga gari.

Abin da na ɗauko a tafiyar nan kaɗan ne. A ofishi ba wanda ya san fuskarki, ba wanda ya san wahalar da kika sha. Kafin ki miƙa fom, baza duk takardunki a tabarma, tsoho da sabo, ki duba ko mace ɗaya suke nunawa: waya taki ce, asusu na ƙungiya ne, hannu iri ɗaya ne. Ni na sauya, ban sanar da takarduna ba.

Washegari kafin a buɗe banki ina bakin ƙofa, tare da mata huɗu na ƙungiya da suke aji biyu a yaƙi da jahilci yanzu, su ma yatsunsu na cikin rajista. Da aka ba ni fom, na nemi tawada na dangwala, sannan na zaro birona na sa hannu a gefensa, dab da shi, don su san juna.