Inda allura ke tsayawa a faifan Majo Iliya

Shekara takwas ke nan da rasuwar Majo Iliya, kuma saura kaɗan in bar ta takwas ɗin ta wuce shiru kamar bakwai da sunka gabace ta. Sau biyu ina ɗaukar bik in rubuta ina ajiyewa, don cikin labarin akwai wurin da ban fito da farar riga ba. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma wanda zan ji kunyarsa ya riga ya kwanta.

Ga wanda bai san shi ba, Iliya babban ma'aikacin jinya ne a asibitin mishan na ƙasar Madawa, shi ya sa kowa ke ce masa Majo. Ni kuwa direban kamyo ne, babbar motar kaya, albasa nake kaiwa Abijan da Lome. Shi Kirista, ni Musulmi. Ɗinkin rauni ya haɗa mu, ranar da motata ta ga dama ta kwanta a gangaren Buza. Tun daga nan, duk Lahadin da ta same ni gida, in sun taso daga majami'a, ni kuma na yi la'asar, ƙarƙashin rumfarsa ake samuna.

Majo shina da garmaho mai aiki da pil, wato batir, da faifai cike da akwatin ƙarfe. Zafin ƙasarmu ba ya barin faifai, yini guda ya isa ya lanƙwasa shi kamar busasshen ganye. Don haka akwatin gindin randa yake zama, bisa yashi mai damshi, faifan duka a tsaye, ba a kwantar da ko ɗaya. Kafin ya taɓa su sai ya wanke hannu kamar zai shiga ɗakin fiɗa, ya share ƙura da gashin zabo. Ba mai taɓa allurar sai shi. Ni da na tuƙa tan talatin har bakin teku, ya ce ban isa ba.

Akwai faifai ɗaya da na kawo masa daga Abijan, kiɗan gita na mutanen can. Ba wanda ke jin abin da mawaƙin ke faɗi, amma shi ne wanda matarsa Hannatu ta fi so. Wata Lahadi shina cikin juyi aka zo kiran Majo, an kawo wani daga Tabotaki bijimin sa ya soke shi. Ya fita da gudu. Hannatu ta shiga madafa. Na ce bari in tsai da kiɗan kada pil ya ƙare a banza. Hannun da ya saba da sitiyari ya ɗaga allura, sai ta kuɓuce, ta ja layi bisa faifan. Na mai da komai wurinsa, na zauna ina kurɓar shayi kamar limami.

Da Lahadi ta zagayo, allura ta kai wurin ta maƙale, gita na maimaita abu ɗaya, na maimaitawa. Majo ya dube mu. Hannatu, baiwar Allah, ta ce wataƙila ita ce, don ta bangaji tebur da faranti rannan. Ni kuwa na ga wani abu mai ban sha'awa cikin kofina.

Majo bai yi faɗa ba, hukunci ya yanke. Tun da ita ta ɓata, ita za ta gyara. Aka ba ta izinin da ba a ba kowa ba. Duk lokacin da allura ta maƙale sai ya ce, "Madam, aikinki ya zo." Ta taso, ko tuwo take tuƙawa, ta goge hannu ga zane, ta ɗan tura allurar da yatsa. Shi kuma ya riƙe yatsar ya duba kamar mai neman ciwo, ya ce lafiya lau. Haka sunka yi har Allah ya ɗauke shi.

Abin da ya taso da zancen shi ne, bana ɗansu Dauda ya zo daga Yamai zai tafi da uwarsa, idonta ya yi rauni. Motarsa ƙarama, kaya da yawa. Ya ce a kai akwatin faifai wurin dangi a Babankatami, don ya samo mata wancan kiɗan cikin ɗan faifan zamani mai ƙyalli da ake kira sede. Hannatu ta san abin da ke jiran faifai a ɗakin kwano, ta ce ba ta tashi sai da akwatinta. Sunka kira ni alƙali, wai na yi yawon duniya. Sharaɗi ɗaya: wanda ya fi daɗin ji shi zai shiga mota.

Gaskiya kunnena injin mota ya cinye rabinsa, amma ko da rabin na ji bambanci. Sede tas yake. Babu wannan ƙas-ƙas na faifai kamar ana suyar ƙosai bayan mawaƙi. Har wata 'yar ganga na ji da ban taɓa sanin tana cikin waƙar ba. Ba ya tsoron rana, ba ya neman gashin zabo. Masu cewa faifai ya fi ɗumi a kunne, na ji su a Lome, na ji su a Abijan, kuma na lura duk masu furfura ne irina. Da tsohuwar zuma ake magani, haka ne, amma ba kowane tsohon abu ne zuma ba.

Na sha tambayar kaina mi Majo zai ce. Mutane na tsammanin zai tsaya bayan faifai. Ban tabbata ba. Mutumin da ya yi murna ranar da anka daina dafa allurar asibiti anka koma ta yarwa, ba maƙiyin sabon abu ba ne. Ina jin shi zai fara sayen sede a ƙasar Madawa, ya hana kowa taɓawa.

Sai dai ga abin da ya faru. Sede na cikin juyi, ya kusa wurin da allura ke maƙalewa a faifai, sai Hannatu ta miƙe da kanta. Ta goge hannu ga zane, ta lalubo tebur, ta miƙa yatsa. Waƙa ta wuce sumul, ba ta jira ta ba. Ta tsaya haka nan da yatsa a sama, sannan ta koma ta zauna. Dauda ya juya shina kallon bango.

Na ce masa, "Dauda, naka ya fi sauti. Amma akwatin nan ni zan kai shi Yamai, cikin kabin, gaban mota, gefena." Daga nan na juya ga uwarsa na faɗi abin da na haɗiye shekara da shekaru. Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Malam Mamman, ashe aikin ma na wani nake yi!"

To mi ya rage na Majo Iliya? Waɗanda ya ɗinke suna yawo da tabonsu daga Keita har Madawa, ni ma nawa shina nan. Akwai akwati gindin wata randa a Yamai. Akwai kuma allura ɗaya tak, ta ƙarshe, ta fara dushewa, kuma na zagaya kasuwannin ƙasa uku ban samu wata ba. In ta ƙare, faifan za su koma baƙaƙen faranti, sede ya ci gari. Ban ga abin kuka ba a nan, kowa ya daɗe zai ga daɗau.

Ita ma Hannatu ta san da zancen allurar. Ranar da na sauke akwatin, na yi sallama har na kai ƙofa, sai ta kira ni. Ta miƙo mini ɗan faifan mai ƙyalli ta ce, "Malam Mamman, tun da hannun naka ne, wanga sabon ba ka iya ja masa layi irin na wancan?"