Tanderu a Kan Katako

Duk layin ba wanda ya san shi da wani suna sai Mai Burodi, har matarsa in ta so tsokana haka take kiransa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, gashin hannunsa wuta ta daɗe da cinyewa. A gindin tanderun jan bulo da mahaifinsa ya gina ya tashi, kuma da tsohon ya rasu aka zo rabon gado, ya ce kowa ya ɗauki abin da yake so, shi dai a bar masa ɗakin gashi. Aibinsa ɗaya, saurin yarda. Irin mutumin nan ne da in ka ce ana sallama da shi sai ya fita ba takalmi.

Ƙanin matarsa malami ne a jami'a. Duniya na ce masa Dakta, Mai Burodi kuwa Auta yake ce masa, don tun yana yawo da majina yana satar gefen burodi ya san shi. Wasa ne mai ƙarfi a tsakaninsu, ba sa haɗuwa su rabu ba a yi dariya ba.

Wata rana Auta ya zo da labari. An fitar da tallafi don jami'o'i su haɗa kai da masu ƙananan sana'a. Sashensu ya ƙera tanderun ƙarfe mai auna zafinsa da kansa, amma ba za a ba su tallafin ba sai sun nuna gidan burodi na gaske da zai yi aiki da shi.

"Yaya, ina da kai zan je neman bare?" in ji shi.

Maganar ta yi wa Mai Burodi daɗi har cikin ransa. Matsalar ita ce ɗakin ba zai ɗauki tanderu biyu ba, sai an rushe na tsohon. Ya yi ta juya abin, abinci ma ya daina shiga. Daga ƙarshe ya ce in dai rushewa za a yi, ba zai bari wani ya taɓa ginin ubansa ba, da kansa ya ɗauki guduma. Bulon kuwa ya kyautar wa maƙwabcinsa mai kiwon awaki, don ba ya son yana ganinsa.

A faɗi gaskiya, sabon tanderun ya yi aiki. Hayaƙi ya ɗauke, tarin da ke damun Mai Burodi ya lafa, burodi na fitowa kala ɗaya, masu kanti suna rububi. Ya ɗauki son duniya ya ɗora wa ƙarfen nan, kullum yana goge shi kamar jariri. Baƙi suka yi ta zuwa da manyan motoci, a ɗaura masa farin ƙyalle a ƙirji, ya tsaya kusa da Auta yana washe baki ana ɗaukar hoto.

Abu ɗaya ne bai kwanta masa ba. A kan wata shimfiɗar katako aka ajiye tanderun, yadda aka sauke shi daga mota. Ya kira magini a kafe shi da siminti, Auta ya ji labari ya zo a guje ya hana, ya ce iska yake sha ta ƙasa. Mai Burodi ya yarda. Har shi ma ya riƙa yi wa mutane bayani da alfahari, wai tanderun zamani iska yake sha ta ƙasa.

Wata safiya, kwaɓi ya tashi a gwangwanaye ana shirin gashi, sai ga babbar mota da ma'aikatan jami'a. Suka gaishe shi da ladabi, suka cire wayoyi, suka zura hannayen ƙarfe biyu na injin ɗaga kaya a ƙarƙashin katakon, tanderu ya tashi sama cak. A nan ne ya gane amfanin katakon.

Ya kira Auta a waya. Auta ya ce aikin ya ƙare, kayan na jami'a ne, kuma zagaye na biyu na tallafin yana buƙatar babban gidan burodi, an ma riga an samu.

"Ranar da na ɗauki guduma, ka san da haka?"

Auta bai musa ba.

"Yaya, da na faɗa maka ai ba za ka yarda ba."

Mai Burodi bai zage shi ba, kashe wayar kawai ya yi. Da bare ne ya yi masa haka da ya san inda zai kai ƙara. Amma yaron da ya goya ne ya tsaya yana kallonsa yana fasa ginin ubansa, yana ma riƙe masa fitila. Matarsa ta rasa ɓangaren da za ta yi wa kuka, surukarsa kuma ta aiko a ce masa ya yi haƙuri, ya dubi zumunci.

Kafin la'asar kwaɓin ya yi tsami. Ya juye shi a bokiti ya kai wa awakin maƙwabci. A nan ya tarar da bulonsa an gina garke da shi, gefen da wuta ta ƙona baƙi ƙirin yana kallon waje. Bai san sanda ya ɗora bayan hannunsa a jikin ginin ba, yadda mahaifinsa ya koya masa jin zafin tanderu.

Maƙwabcin ya leƙo yana murmushi.

"Bulon nan naka da ƙarko yake, Mai Burodi. Allah ya saka da alheri."

Ya ce amin, ya ɗauki bokitinsa.