Dawar Daktora a Ɗakin Ajiya

A bayan gidan Gado Alhasan akwai wani ɗan ɗakin laka marar taga. Ƙofarsa ta langa-langa ce, makullinta kuma yana rataye a wuyan Gado, ƙarƙashin jallabiya. Duk wanda ya tashi a ƙauyen nan na kudu da garin Hajj Abdalla, a ƙasar Sudan, ya san ɗakin, ko da bai taɓa leƙa cikinsa ba. Ɗakin ajiya ake ce masa.

Mahaifinsa ne ya gina shi. Alhasan ya taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, ya tsaya tsintar auduga a Jazira don ya haɗa guzuri, auduga ta riƙe shi. Ya yi aure, ya samu hawasha, wato gonar da hukumar noman rani ke ba manomi a bakin ruwa, ya haifi 'ya'ya. Makka bai je ba. Amma masu wucewa suna sauka wurinsa, kuma da yake tafiyar ba ta son nauyi, sukan bar masa abin da ba za su iya ɗauka ba, wani tukunyar tagulla, wani akwatin littattafai. Wasu sun dawo sun karɓa. Wasu 'ya'yansu ne suka zo karɓa, da furfura a kansu. Akwai wani ƙunshin fata da har yau yake rataye a ƙusa. Ba wanda ya san abin da ke cikinsa, Gado ma bai sani ba.

Abin da ya gada ke nan, hawasha da makulli. Ba malami ba ne, ba attajiri ba, ko a wurin hira ba shi ake jira ba. Sai dai in ana gardama a kan wani abu aka ce Gado ne ya riƙe, magana ta ƙare. Ƙaninsa Yakubu, mai amalanken jaki, yakan ce in ka ba Yaya garwashi ka ce ya riƙe maka, za ka je Damazin ka dawo ka tarar da shi tsaye, hannu na hayaƙi, yana tambayarka hanya. Gado yakan yi murmushi kawai. Matarsa Ramatu ba ta cika dariyar wannan wasa ba.

Shi ya sa da Daktora Ilham ta zo daga wurin binciken noma na Wad Madani tana neman manomin da zai ba ta kusurwar gona don gwaji, kowa ya nuna mata gidan Gado. Doguwa ce, da farin mayafi da takalmin roba na shiga laka. Kakarta Bahaushiya ce ta Makwar, amma Hausar da ta rage mata gaisuwa ce da sunayen abinci da zagi guda biyu. Tana ce masa Baba Gado, yana ce mata ɗiyata.

Ta yanka kusurwar da ke kusa da ƙaramar hanyar ruwa gida-gida, kowane gida da turkensa mai fenti. Mai jan turke a ba shi taki cikakke. Mai shuɗi rabi. Mai fari wani irin taki dabam, na saiwa. Mai baƙin turke kuwa ba a ba shi komai, ruwa kaɗai da noma. Takan zo da wata 'yar na'ura da take matse ganyen dawa da ita, wai tana ganin yunwar shuka tun ido bai gani ba. Ta nuna masa yadda ake rarrabe ɗorawar ganye ta yunwa da ta cuta: ta yunwa daga tsofaffin ganyen ƙasa take farawa, ta bi tsakiyar ganye tun daga baki, ta cuta kuwa ɗigo-ɗigo take zuwa. Gado ya ji daɗin wannan. Ya daɗe yana ganin abin bai san yana da ƙa'ida ba.

Gidan baƙin turke ne ya dame shi. A bakin hanya yake, duk mai zuwa ɗiban ruwa sai ya gan shi, dawa gajera, fatsi-fatsi, a gonar mutumin da bai taɓa barin shuka da yunwa ba. Yakubu in ya wuce da amalanke sai ya tsaya ya yi wa gidan sallama ta musamman, ya ce yana gaishe da marayun Yaya. Wata rana, suna zaune a inuwa Ramatu na zuba musu shayi, Gado ya roƙi Daktora ta bar shi ya watsa ko da kashin awaki ne tafi ɗaya. Ta yi dariya, sannan ta daina, ta koma Larabci da sauri kamar yadda take yi in magana ta kai mata zuciya. Ta ce da wannan gida ake gane sauran. In babu shi, tsawon mai jan turke ba ya faɗin komai, don ba a san daga ina ya tashi ba. Idon Gado yana kan ganyen nan masu ɗorawa. Ya gyaɗa kai yadda ake gyaɗa wa baƙo. Ramatu ta ajiye buta ta ɗan jima tana duban Daktora.

In kaka ta yi, kowane gida ana yanke shi dabam, a sussuke dabam, a zuba a buhunsa, a ɗaure baki da tsumma mai launin turkensa. Daktora ta zo da ma'auninta ta rataya, ta auna, ta soka wani ƙarfe tsakiyar buhu ta zaro ƙwaya ta zuba a kwalba, don a duba ko maganin ƙwarin da ake fesa wa audugar maƙwabta ya zauna a cikin hatsin. In ta gama sai ta tafa hannu ta ce, "Halas, Baba Gado, ku ci." Daga nan dawa ta zama tasu. Haka aka yi shekarun farko.

Shekarar da yaƙi ya tashi a Hartum, Jazira ta yi shuka kamar kullum. Daktora ta rage zuwa, in ta zo ma a motar haya take zuwa, don motar ofis ba mai. Wannan ce shekarar ƙarshe ta gwajin, ta ce in ba ita, na baya duk rabin magana ne. Ranar sussuka Daktora ta iso ba ma'auni. Ta tsaya har aka ɗaure buhunan, ta dafa na ƙarshe ta ce da Hausarta mai ɗingishi, "Amana, Baba. Kada a taɓa sai na auna. Mako mai zuwa, in sha Allah." Gado da kansa ya kinkime su zuwa ɗakin ajiya, ya jera su a kan katako, ya zuba ganyen dogonyaro a tsakaninsu.

Makon bai zagayo ba yaƙi ya shiga Madani.

'Yar Gado, Sakinatu, ta iso daga can da ƙafa, da goyo, da sauran yaranta, da uwar mijinta, da wasu maƙwabtansu da ba su da inda za su. Gida ya cika har rumfar awaki. Dawar sauran hawasha tana nan, aka yi ta ci. Waya ta mutu. Da Yakubu ya kai kaya wani gari inda ake samun layi, ya kira lambar Daktora, ba ta shiga ba. Wasu suka ce an gan ta a hanyar Bur Sudan. Wasu suka ce Masar. Wani direba da ya san unguwarsu, da aka tambaye shi, sai ya shiga gyara madubin motarsa.

Damina ta zo ba taki a kasuwa, babbar hanyar ruwa ta cika da laka da ciyawa ba mai yashewa. Gado ya yi shuka, ya kuma mayar da turaku inda suke, ko da yake ba abin da zai ba mai jan turke wanda bai ba mai baƙin ba. Kafin dawa ta kai ƙugu hawashar duka ta ɗauki launin marayun nan. Yakan tsaya ya juya ganyen ƙasa, ya bi ɗorawar da yatsa tun daga baki. Yanzu ya san sunan abin.

A gida tuwo ya koma kunu, kunu ya yi ta ƙara ruwa. Injin niƙa ya tsaya tun tuni, mata sun koma turmi, sannan turame ma suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ambaci ɗakin ajiya. Ramatu dai ta fara share ƙofarsa safe da yamma, wurin da ko kaza ba ta bi. Sakinatu ta mayar da tabarmarta inuwar bangonsa, nan take ba da nono, jaririn yana buɗe baki kuka ba ya fita sosai.

Yakubu ne ya faɗa a fili, bayan la'asar, a gindin dogonyaron masallaci.

"Yaya, na sa kunne a bangon ɗakinka. Ana biki a ciki. Ƙwari ka ba izini, mu ka hana?"

"Na sake musu ganye."

"Kwayyis, ya yi kyau. To mu ma a zuba muna ganyen, ko mu daina jin yunwa."

Yakubu ya ƙara da cewa a auna da mudu mana, a riƙe adadin a ka, in ta zo a gaya mata. Gado ya ce ba nauyi kaɗai take nema ba, akwai abin da take zarowa daga tsakiyar buhu, kuma ba ta ce ku auna ba, cewa ta yi kada a taɓa. Liman da ke jinsu ya sa baki a hankali, ya ce larura tana da hukuncinta, mutum zai iya ci ya biya da irinsa. Gado ya yi godiya. Ya ce da dawa take so, da ya biya ta da wadda ta fi ta kyau. Waccan take so, ita kanta. Yakubu ya kaɗe jallabiyarsa ya ce Baba ya mutu bai ga Makka ba yana gadin tukwanen mutane, ga shi an bar musu magaji. Wannan karon Gado bai yi murmushi ba.

Yakan shiga ɗakin shi kaɗai ya rufo ƙofa. Ba ya yin komai, tsayawa yake cikin ƙamshin hatsi da ɗacin ganye, ya dubi buhunan, ya dubi ƙunshin fatar da ke ƙusa. Tun yana yaro ya ga mahaifinsa ya sayar da rigarsa a shekarar fari, tukunyar tagullar wani tana nan a kusurwa. A lokacin abin ya zama labarin da ake ba baƙi. Bai taɓa tambayar abin da uwarsa ta dafa a shekarar ba.

Wata safiya da hantsi Sakinatu ta ɗauki jarka za ta ɗebo ruwa. Ta kai tsakiyar gida sai ta zauna a ƙasa, a hankali, kamar wadda ta tuna wani abu. Jarkar ta gangara ta tsaya jikin turmi. Uwar mijinta ta juyar da kai wajen bango.

Gado ya zaro makulli daga wuyansa.

A ciki ya dafa buhu mai jan tsumma, ya ji shi tim, ya janye hannu. Wannan ya yi yawa. Kuma takinta ya ci, haka mai shuɗi, haka mai fari. Sai idonsa ya sauka kan na ƙarshe, wanda ko rabi bai cika ba. Wannan bai ci komai nata ba, ƙasarsa ce da ruwa da guminsa. In dai sai an ci amana, a ci mafi ƙanƙanta. Da hannu ɗaya ya fito da shi, ya ajiye gaban Ramatu.

Ta dubi baƙin tsumman, ta dube shi.

"Wanga, Malam?"

"Shi ne ƙarami."

Ta buɗe baki. Idonta ya kai kan Sakinatu da ke zaune a ƙasa har yanzu. Ta rufe bakin, ta durƙusa ta kwance ɗaurin.

Ya koma rumfa ya zauna, tsumman a hannunsa. Tabarya ta fara sauka, maƙwabta suka ɗago kai ta kan darni. Yana cikin sauraron dakan nan ne maganar ta dawo masa, ta ranar shayi, cikakkiya, da Larabcinta mai sauri, kamar yanzu ake faɗa: da wannan ake gane sauran. Ya ɗaga ido ya nemi Ramatu. Tana bakace, ta ba shi baya, kuma da alama tun ɗazu ta zaɓi inda za ta fuskanta.

Da tuwo ya sauka ya ce a ƙara wa yara nasa, cikinsa ba daɗi. Yakubu ya zo ya ci, ya suɗe yatsu, ya ce alhamdu lillahi, ƙofa ta koyi buɗewa, gobe sai mai jan tsumma. Gado ya ce wannan ajiya ce. Yakubu ya dube shi, ya tashi ya tafi wurin jakinsa.

Bayan azahar Ramatu ta same shi yana tsinko ganyen dogonyaro. Ta tsaya daga gefe kamar mai neman wani abu a ƙasa.

"Malam, sauran fa. Ka dai san ba su da sauran amfani gare ta."

"Na sani."

"To?"

Ya ci gaba da tsinka har kwandon ya kusa cika.

"Ba ni ad da faɗin haka ba. Ita za ta faɗi."

Ya shiga ɗakin ya kwashe tsohon ganye ya zuba sabo. Wurin da ƙaramin buhun ya tashi ya bar alama a kan katako, bai matso da sauran sun rufe ta ba. Ya rataya baƙin tsumman a ƙusa, kusa da ƙunshin fata, ya fito ya kulle.

Kowa a gidan ya ga girman buhun, kowa kuma ya san inda dawar gona take, ko kai ba ta fitar ba. Washegari da safe, da Gado ya dawo daga masallaci, ya tarar Ramatu tana share ƙofar ɗakin ajiya.