Libarbar Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, tsohon soja ne. Da ya bar aiki ya dawo ƙauyenmu kusa da Zakirai ya kama noman gero da gyaɗa. Yana da wata tsohuwar ƙaramar bindiga, libarba, naɗe a tsumma cikin adaka, harsasanta na asali sun daɗe da ƙarewa.

Shekarar da satar awaki ta dame mu, na haura shekara talatin, ina kai wake kasuwar Dawanau, ina ganin na fi kowa a gidan wayewa. Wani direba ya ba ni harsashi biyar a leda. Na kawo wa Kawu da hantsi, yana gyaran ƙotar fartanya a gindin darbejiya. Ya ɗauki ɗaya ya duba gindinsa kusa da ido.

"Ba nata ba ne," in ji shi.

"Kawu, ai girmansu ɗaya. Zai shiga."

"Zai shiga mana. Amma na bindigogin yanzu ne, albarushinsa ya fi ƙarfin ƙarfenta. Ta girmi uwarka. Ka mayar wa mai su."

Na ce to, na tafi da su a aljihu.

Ranar da ya tafi ta'aziyya wani ƙauye, na je wajen matarsa, wadda muke kira Inna, na ce Kawu ne ya aiko ni in shafa wa bindigar mai. Ba ta tambaye ni komai ba, ta kwance makulli daga bakin zaninta ta buɗe adakar, na ɗauki bindigar. Na biya shagon yayana, wanda tela ne, na ja shi zuwa kududdufin bayan gonaki ya ga gwajin.

Harsashin ya shiga, sai da na ɗan danna da yatsa. Yayana yana tsaye a haguna, ya ɗaga hannu yana kare rana. Na ja kunamar. Ƙarfen nan mai ramuka da ke juyawa ya tsage gida biyu. Ni fuskata kawai ta yi baƙi. Shi kuwa ɓallin ƙarfe ya tafi da babban yatsansa na dama.

Muna dawowa daga asibiti da la'asar muka tarar da tsakar gidan Kawu cike da mutane. Kawu bai dube ni ba. Ya juya ga Inna ya ce, "Wa ya ce ki buɗe adakata?" Ta sunkuyar da kai, ta ƙi ambatata. Ina tsaye ina ji yana yi mata faɗa a gaban surukanta. Sai da ta fara share hawaye na iya cewa, "Ni na yi mata ƙarya."

Washegari Kawu ya tattara ɓaraguzan da sauran harsashin, ya kai wa mai unguwa a miƙa wa hukuma.

Yayana ya koyi riƙe almakashi da hagu. Ya yi kusan shekara kafin wuyan riga ya daidaita a hannunsa. In masu kawo ɗinki suka tambaye shi yatsan, yakan ce injin niƙa ne. Sau biyu ya faɗi haka ina zaune a bencin shagon, kuma ban gyara ba.